Shin mai koyo ya bar umarni ɗaya ya kafa masa ƙwarangwal ɗin aikin yanar gizo?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da na karɓa. Kawuna yana da shagon sayar da kayan gini, kuma ya nemi in haɗa masa manhajar yanar gizo da za ta riƙa lissafa kayan da suka shigo, da waɗanda aka sayar, da bashin da yake bin mutane. Na yi watanni ina koyon React, kayan aikin JavaScript na gina fuskar shafi, amma ban taɓa haɗa aiki cikakke ba, wato wanda ya ƙunshi fuskar da mutum zai gani, da saba (kwamfutar da ke amsa buƙatun shafin), da rumbun bayanai, da hanyar shiga ta masu amfani. Jiya na buɗe taminal, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta npm create t3-app@latest, na kuma amince da kusan duk abin da aka tambaye ni: Tailwind na ado, tRPC na sadarwa tsakanin fuska da saba, NextAuth na hanyar shiga, da Prisma na magana da rumbun bayanai. Cikin 'yan mintoci shafi ya tashi a kwamfutata. Abin da ya dame ni shi ne, da na buɗe foldar sai na tarar da fayiloli masu yawa da ban san aikin rabinsu ba. Shin in ci gaba da gini a kan wannan harsashi, ko in goge komai in fara da hannuna fayil bayan fayil?

Injiniya

Wa alaikumus salam, ƙanina. Kada ka goge komai tukuna. Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka canza ko harafi ɗaya, shi ne ka adana aikin a Git, manhajar da ke riƙe tarihin canje-canjen kod, kamar yadda ya fito, domin duk canjin da ka yi daga baya ka iya kwatanta shi da asalin abin da aka ba ka.

Ya kamata ka fahimci abin da ya faru lokacin da ka rubuta wannan umarni. Kalmar npm create tana sauko da wani ƙunshi, wato kod da wasu suka shirya suka ajiye a ma'ajin npm, mai suna create-t3-app, ta gudanar da shi sau ɗaya, shi kuma ya kwafo maka fayiloli daga samfurin da masu shi suka shirya, gwargwadon amsoshin da ka bayar, sannan ya rubuta jerin ƙunsoshin da aikin ke buƙata a cikin package.json ya sauko da su. Bayan haka aikinsa ya ƙare, ba ya zama a cikin manhajarka, ba ya kuma dawowa ya gyara maka komai. Abin da ya bari naka ne, nauyinsa kuma yana wuyanka. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Ruby on Rails, tsarin gina manhajar yanar gizo wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, shi ya shahara da ita, inda umarni ɗaya ke kafa aikin, wani kuma ya samar da tebur a rumbun bayanai da shafukan ƙarawa da gyarawa da gogewa. Django, takwaransa na harshen Python, ya zo a 2005 da nasa umarnin startproject, Laravel na harshen PHP kuma a 2011. Don haka masu sana'ar sun daɗe da yarda cewa ɓata kwana biyu wajen haɗa saituna da hannu ba jarumta ba ce. Ni ra'ayina ka ci gaba, amma ka ware kwana ɗaya cur don karanta abin da aka rubuta maka.

Tsohon Hannu

Da izinin Malam Injiniya, ban yarda da wannan shawara ba a wannan yanayi. Da a ce ƙwararre ne ya yi tambayar, da na ce ya ci gaba. Amma yaron nan ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa haɗa saba da rumbun bayanai ba, kuma a zama ɗaya ya ɗora wa kansa sababbin abubuwa biyar: Next.js (tsarin da aka gina a kan React), TypeScript (harshen da aka gina a kan JavaScript), tRPC, Prisma da NextAuth. Ranar da abu ya lalace, kuma tabbas zai lalace, ta yaya zai gane ko matsalar daga wane ne a cikinsu? Karanta fayil ba daidai yake da sanin dalilin wanzuwarsa ba. Mutum ba ya gane amfanin tRPC sai ya taɓa rubuta hanyar karɓar bayanai da hannunsa, ya canza sunan wani fili a saba, ya manta bai canza shi a fuska ba, shafin ya daina aiki ba tare da wani gargaɗi ba. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya, idan aka nuna masa tRPC zai gane shi cikin awa guda. Wanda bai sha ta ba, zai riƙa kwafar misalin da aka ba shi yana canza sunaye kawai.

Akwai kuma darasin Create React App. Facebook ne ya fitar da shi a 2016, kuma tsawon shekaru shi ne ƙofar da kusan kowa ke bi ya shiga React. Ya ɓoye dukan saitunan webpack da Babel, kayan da ke shirya kod domin burauza, a cikin ƙunshi ɗaya, wanda ke son taɓa su sai ya yi eject, wato ya fito da su fili, matakin da ba a komawa baya daga gare shi. A watan Fabrairun 2025 masu kula da React suka sanar a hukumance cewa an daina ba da shawarar amfani da shi a sababbin ayyuka. Waɗanda suka san abin da ke ƙarƙashinsa sun koma Vite, wani kayan kafa aiki, ba tare da wata wahala ba. Waɗanda umarnin kawai suka sani su ne suka rasa inda za su kama.

Injiniya

Maganarka a kan Create React App gaskiya ce, Yaya, amma ina ganin hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Akwai bambanci tsakanin kayan aikin da ke ɓoye saituna da wanda ke shimfiɗa su a gabanka. Create React App na cikin kashi na farko. Shi kuwa create-t3-app duk abin da ya yi yana nan a fili cikin foldar aikin, kowa na iya buɗewa ya karanta, ya gyara, ko ya goge. Kuma masu shi sun tsara shi ne ta yadda kowane ɓangare zaɓi ne, ban da Next.js da TypeScript. Kuskuren ƙanin namu ba amfani da kayan aikin ba ne, amincewa da kowace tambaya ne ba tare da ya tambayi kansa ko yana buƙatar abin ba.

Ɗan Koyo

Na gode Malam Injiniya, na gode Yaya. Na adana aikin a Git kamar yadda aka umarce ni. Na fara karantawa, kuma na riga na ci karo da abu ɗaya: hanyar shiga da aka saka mini ta Discord ce, wata manhajar hira. Kawuna da yaran shagonsa babu mai asusun Discord, lambar waya da kalmar sirri suke so.

Malama

Wannan da ka gano shi ne ainihin abin da nake son faɗa tun da na fara karanta muhawarar. Duk ƙwarangwal ɗin da umarni ya kafa maka tarin shawarwari ne da wani ya yanke a madadinka, kuma ya yanke su ne yana tunanin irin mutanen da yake tare da su. Waɗanda suka shirya wannan samfuri sun zaɓi Discord a matsayin misali domin shi ne mafi sauƙin kafawa a wurinsu, ba domin ya dace da shagon kayan gini ba. Idan ka ce za ka sauya zuwa kalmar sirri a NextAuth, akwai hanyar yin hakan, amma kai ne za ka ɗauki nauyin rikiɗa kalmar sirri kafin adanawa, da hanyar sake ta idan an manta, da hana mai gwaji ya yi ta gwadawa ba iyaka. Waɗannan su ne wuraren da ban son mai koyo ya fara gwada hannunsa a kan kuɗin wani.

Shi ya sa nake ba ka shawarar ka duba Django kafin ka yi nisa. Ina koyar da ɗalibai wannan fanni, kuma na ga yadda abin ke kasancewa. Idan ka rubuta django-admin startproject, fayilolin da za ka samu ba su kai goma ba, za ka iya karance su kafin ka gama shan shayi. Tsarin masu amfani da kalmar sirri yana ciki tun asali, an gwada shi shekaru masu yawa. Sannan akwai shafin gudanarwa da ke zuwa tare da shi: da zarar ka bayyana teburin kaya da na ciniki da na bashi, ka yi musu rajista, za ka samu shafukan ƙarawa da gyarawa da bincike ba tare da ka zana fuska ko ɗaya ba. Ga shago irin na kawunka, wannan kaɗai ya biya mafi yawan buƙatar makon farko, kuma zai ba ka dama ka ga yadda suke amfani da shi kafin ka ɓata lokaci a kan ado.

Amma kada ka ɗauka cewa Django ba ya yanke maka shawara. A cikin settings.py za ka tarar an kunna DEBUG, wanda idan ka bar shi haka ka ɗora shafin a intanet, duk kuskuren da ya faru zai nuna wa baƙo cikin manhajarka. Makullin sirrin da aka samar maka yana farawa da kalmar django-insecure, domin a tuna maka cewa ba na ɗorawa ba ne. Lokaci an saka shi a UTC, sai ka mayar da shi Africa/Lagos, in ba haka ba cinikin da aka yi bayan sha biyun dare da 'yan mintoci zai faɗa lissafin jiya. Kuma takardun Django da kansu suna ba da shawarar mutum ya kafa nasa samfurin mai amfani tun kafin ya gudanar da migrate na farko, wato umarnin da ke kafa tebura a rumbun bayanai, domin sauya shi bayan an cika rumbu da bayanai aiki ne mai wuya. Tun da kai lambar waya kake so a maimakon sunan shiga, wannan shawara ta shafe ka kai tsaye.

Tsohon Hannu

Malama, na karɓi rabin maganarki. Django ya fi sauƙin karantawa, babu ja. Amma yaron nan JavaScript ya sani, kuma kina so ya ƙara Python a kan abin da yake koyo. Ba mu rage masa kaya ba ke nan, mun sauya masa kaya ne.

Malama

Haka ne Yaya, sai dai sabon harshe ɗaya mai sauƙin karatu bai kai nauyin sababbin tsare-tsare biyar da dole sai an fahimci yadda suke magana da juna ba. Duk da haka shi ne zai auna, domin shi ya san inda ƙarfinsa yake.

Ɗan Maraɗi

Sallama gare ku duka. Ina so in ƙara wani abu da ban ga an taɓo ba, wanda ya shafi duk kayan aikin da aka ambata. Babu ɗaya daga cikinsu da aka shirya da tunanin rubutun Hausa, don haka akwai gyare-gyaren da ya kamata a yi a ranar farko. A Next.js, fayil ɗin layout yana zuwa da alamar harshe ta Turanci, sai ka mayar da ita ha idan fuskar manhajarka da Hausa take, domin burauza da na'urar da ke karanta wa makafi shafi su san harshen da suke gani. Sannan ka gwada font ɗin da aka saka maka da haruffan ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, domin idan babu su a cikinsa burauza za ta aro su daga wani font, harafin ya fito daban da 'yan'uwansa a tsakiyar kalma. Mu a Nijar muna rubuta ƴ a inda ku a Najeriya kuke rubuta 'y, saboda haka wanda ke son manhajarsa ta yi aiki a ƙasashen biyu sai ya gwada duka.

A Django kuma akwai wani tarko da na taɓa faɗawa. Aikin slugify, wanda ke mayar da suna ya zama adireshin shafi, idan ba a ba shi izinin Unicode ba yana zubar da haruffanmu masu lanƙwasa gaba ɗaya, domin ba su da hanyar warwarewa zuwa harafin Turanci kamar yadda é na Faransanci ke komawa e. Sakamakon haka ƙusa ta zama usa, ɗaki ya zama aki. A shagon kayan gini da ke sayar da ƙusa da ƙarfe da ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan duk sharaɗin tantance suna da ka kwafo daga wani wuri, ka tabbatar ya yarda da alamar ɗauri da ke cikin sunaye irin su Sa'adatu da Ma'aruf.

Batu na biyu shi ne data da wuta. Aikin Next.js mai waɗannan ƙunsoshi yana sauko da ɗaruruwan megabait cikin node_modules, kuma idan kana gogewa kana sake kafawa don gwaji da npm, kowace folda tana cin nata wurin. Ni na koma pnpm, domin yana ajiye kowane ƙunshi sau ɗaya a ma'aji guda a kwamfuta, sauran ayyuka su riƙa jingina da shi.

Injiniya

Madalla da wannan ƙari, ɗan'uwa. Bari in ɗora a kan batun ƙunsoshi, domin shi ne wurin da nake ganin hujjar Tsohon Hannu ta fi ƙarfi, ko da yake ta wata fuska. Lokacin da ka gudanar da umarni ɗaya, ba masu kayan aikin kaɗai ka amince wa ba, ka amince wa ɗaruruwan mutanen da ba ka sani ba waɗanda suka rubuta ƙunsoshin da ke ƙarƙashin ƙunsoshi. A watan Maris na 2016 an cire wani ɗan ƙunshi mai layi 11 mai suna left-pad daga npm, nan take ayyuka masu yawa a duniya suka kasa ginuwa, har da manya irin su Babel. A 2018 kuma aka gano an cusa mugun kod a cikin wani ƙunshi da event-stream ya jingina da shi, bayan ragamar kula da shi ta koma hannun wani sabon mutum. Gina aiki da hannu ba ya kare ka daga wannan, domin ƙunsoshin dai za ka sauko da su. Abin da ke rage haɗarin shi ne fayil ɗin kulle, wato package-lock.json ko takwaransa na pnpm, wanda ke rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi da aka sauko da shi. Ka adana shi a Git, kada ka goge shi don wani ya ce hakan na gyara matsala, kuma a kan saba ka yi amfani da npm ci domin a saka ainihin sigogin da ka gwada.

Sai batun sirri, wanda na koye shi da tsada. A farkon sana'ata na taɓa tura fayil ɗin .env, inda ake ajiye makullan sirri, zuwa ma'ajin kod na jama'a, makullin wani kamfanin biyan kuɗi yana ciki, sai da na kwana ina sauya makullai ina ba mai aikin haƙuri. Kayan aikin da ka yi amfani da shi ya riga ya saka .env a cikin .gitignore, jerin fayilolin da Git ba zai ɗauka ba, kuma wannan na cikin alheran ƙwarangwal da mai gini da hannu ke yawan mantawa. Amma ka kiyaye wannan: a Next.js duk saitin da sunansa ya fara da NEXT_PUBLIC_ ana haɗa shi cikin kod ɗin da ke zuwa burauzar baƙo, kamar yadda VITE_ yake a Vite. Kada makullin sirri ya taɓa ɗaukar wannan suna.

Tsohon Hannu

A nan mun haɗu. Zan ƙara tambaya ɗaya da ya kamata a amsa kafin a zaɓi komai: ina za a ajiye manhajar, kuma wa zai riƙa biya? Idan ka zaɓi rumbun bayanai na SQLite a lokacin kafawa saboda shi ne mafi sauƙi, ka sani cewa fayil ne a kan faifai, kuma a masaukai irin na Vercel, inda kod ke gudana ba tare da faifai mai ɗorewa ba, ba zai riƙe maka bayanai ba. Dole ka nemi PostgreSQL ko MySQL a wani wuri, wanda sau da yawa kuɗinsa da dala ake biya. Idan kuwa masaukin da kawunka zai iya biya shi ne irin na haɗaka mai cPanel, to PHP ya fi zama lafiya a can, Laravel kuma ya shigo cikin lissafi. Na ga ayyuka da dama da aka gama su a kwamfuta aka rasa inda za a ɗora su.

Malama

Kuma duk wanda ka zaɓa, kada ka adana kuɗi a fili mai nau'in Float, wato lamba mai ɗigo da kwamfuta ke ƙiyasta ƙimarta. Ka yi amfani da Decimal, ko ka adana kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, domin lissafin bashi ba ya jure ɗan kuskuren da irin wannan lamba ke tarawa.

Ɗan Koyo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na shafe kwana biyu ina gwaji, ga kuma inda na tsaya. Na je shagon na zauna da kawuna, na tarar cewa mutum uku ne kawai za su yi amfani da manhajar, kuma duka a cikin shagon. Na kafa aikin Django a wata folda kamar yadda Malama ta ce, na fara da samfurin mai amfani na lambar waya, na gyara lokaci, na bayyana tebura uku, kuma a daren jiya na shigar da buhun siminti na farko ta shafin gudanarwa. Na gwada maganar ɗan'uwanmu na Maraɗi, ƙusa kuwa ta fito usa, sai da na gyara. Aikin T3 ban goge shi ba. Na sake kafa wani da Prisma kaɗai, ba tRPC ba NextAuth, ina so in rubuta hanyar karɓar bayanai da hannuna kamar yadda Yaya ya ce, sannan in kwatanta da wancan na farko da ke Git in ga abin da tRPC ya ɗauke mini.

Saura tambaya ɗaya. Tun da duk masu amfani suna cikin shago ɗaya, kuma intanet ɗin unguwar yana yawan yankewa, shin zan iya ajiye manhajar a kwamfutar shagon su riƙa shiga ta wayoyinsu a kan wayifai ɗin cikin gida?

Injiniya

Za ka iya, kuma a wannan yanayi SQLite ya ishe ka. Sai dai kada ka gudanar da ita da runserver, sabar da ke zuwa da Django, domin na gwaji ne kawai. A madadinsa ka saka Gunicorn idan kwamfutar Linux ce, ko Waitress idan Windows ce, ka kashe DEBUG, ka rubuta adireshin kwamfutar a ALLOWED_HOSTS, ka kuma saita na'urar wayifai ta riƙa ba ta adireshi ɗaya kullum. Ka gudanar da manage.py check --deploy ka karanta gargaɗin da zai ba ka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka tsara yadda za a riƙa kwafar rumbun bayanan kowace yamma bayan an rufe shago zuwa wani wuri da ba wannan kwamfutar ba, ka kuma gwada dawo da kwafin a wata na'ura tun kafin kawunka ya daina rubutu a littafinsa na bashi.